Tambaya da Amsa: Na'urar Auna Iskar Taya ko Hular Kwano, Wanne Zan Fara Saya?

TAMBAYA

Ni mazaunin Jos ne, sana'ata sarin kayan gwari. Da asuba nake fita da babur ɗina ƙirar Bajaj Boxer in bi lambunan bayan gari, wani lokaci har Tilden Fulani ko wajen Barikin Ladi, in ɗauko kabeji da karas da tumatir a kai Farin Gada. Ranar da babu kasuwa kuma da shi nake kai iyali unguwa.

A cikin sanyin da ya wuce na faɗi a wata kwana da sassafe. Ba gudu nake yi ba, kawai na ji bayan babur ya kwashe. Allah ya taƙaita, gwiwa da tafin hannu ne suka ɗaye, kaina kuma ya bugi ƙasa kaɗan. Da na kai wa mai faci sai ya ce iska ce ta yi ƙasa, ya ɗura mini har tayar ta sandare, ya ce haka mai ɗaukar kaya ya kamata ya riƙa yawo. Tun daga ranar babur sai tsalle yake yi da ni, a kan tsakuwa kuma ba na jin yana kama ƙasa.

To ɗan yayana ya nuna mini wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a kan bawul, tana nuna yawan iskar taya a cikin waya, tana kuma yin ƙara idan iska ta ragu. Ya ce in saya in huta. Maiɗakina kuwa ta ce hular kwano ya kamata in fara saya. Kuɗin da ke hannuna ba za su ɗauki biyun ba yanzu. Malam, na'urar nan gaskiya ce ko cin kuɗi? Iska nawa ya kamata in riƙa sawa? Kuma me zan fara saya?

Mai karatunka, daga Unguwar Rogo, Jos.

AMSA

Sannu da arziki, ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ga amsar a dunƙule kafin in warware maka ita: maiɗakinka ce ke da gaskiya. Hular kwano za ka fara saya, ta ƙwarai, kuma da canjin da ya ragu ka haɗa da ɗan gejin auna iska na hannu, irin wanda ake sakawa a aljihu. Na'urar da ɗan yayanka ya nuna maka ba ƙarya ba ce, tana aiki, sai dai a irin babur ɗinka da irin hanyoyin da kake bi ita ce ta ƙarshe a layi. Shi kuma mai facin da ya cika maka taya har ta sandare, ya raba ka da wani haɗari ne ya haɗa ka da wani. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a cikin wasiƙarka, don haka da shi zan fara.

Duk nauyin da ke kan babur, da kai da kabejinka da ƙarfen kansa, a wuri biyu yake zaune, wato inda tayar gaba da ta baya suka taɓa ƙasa. Kowanne daga cikinsu bai kai faɗin tafin hannunka ba. Ta nan birki ke kamawa, ta nan ake shan kwana, ta nan ƙarfin inji ke sauka ƙasa. Iskar da ke cikin tayar ce ke yanke girman wannan wuri da yadda zai kwanta a kan kwalta. Mai mota ƙafa huɗu gare shi, idan ɗaya ta yi laushi sauran za su rufa masa asiri har ya samu wurin tsayawa. Kai biyu gare ka, kuma duk wadda ta saki, ƙasa za ka je.

Idan iska ta yi ƙasa, gefen tayar yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi. Wannan murɗawar ce ke tara zafi, zafin kuma ya riƙa cin roba daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Kan babur ya yi nauyi, ka ji yana yi maka gardama wajen shan kwana, baya ya riƙa lilo, mai kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. Babur mai tiyub yana da ƙarin matsala biyu. Idan ka faɗa rami, bakin rim yana datse tiyub ɗin ya huda shi. Sannan tayar da ba ta cika ba tana zamewa a jikin rim kaɗan-kaɗan duk sanda ka taka birki ko ka ja mai da ƙarfi, tana jan tiyub ɗin tare da ita, har wata rana bawul ya tsinke daga gindinsa, iska ta fice gaba ɗaya kafin ka ankara. Wannan yana da alamar da za ka iya dubawa yau ɗin nan. Durƙusa ka kalli bawul ɗin inda ya fito daga rim. Idan a miƙe yake, lafiya lau. Idan ya karkata gefe guda, tayar ta fara tafiya, sai a sace iskar a daidaita ta a sake ɗurawa.

Idan kuma iska ta yi yawa, tsakiyar tayar ce kaɗai ke taɓa ƙasa. Wurin da ke riƙe da kai, wanda dama ƙarami ne, ya ƙara tsukewa. Tayar ta daina shanye gargadar hanya, sai ta riƙa dira, kuma duk lokacin da ta yi tsalle ta bar ƙasa, birki da sitiyari ba su da abin kamawa. Abin da kake ji a kan tsakuwa ke nan, ba zargi ba ne. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta abin ya fi muni, domin tazarar da kake buƙata kafin ka tsaya tana ƙaruwa. Za ka kuma ga tsakiyar tayar ta cinye ta bar gefe da sauran zane, sifok su riƙa saki, bayanka ya riƙa ciwo da dare.

To nawa ne daidai? Ba mai faci ke yanke wannan ba, ba ni ba ne kuma, kamfanin da ya ƙera babur ɗin ne. Yana rubuta shi a littafin da ke zuwa da sabon babur, sau da yawa kuma a wata 'yar takarda da aka manna kusa da murfin sarƙa. A ƙananan babura irin naka abin da aka saba rubutawa shi ne 25 a gaba, 28 a baya idan kai kaɗai ne, 32 a baya idan da goyo ko kaya. Wannan a ma'aunin psi ke nan, wanda yawancin gejin masu faci ke nunawa. Wani gejin yana da layi na biyu mai ƙananan lambobi, a can za ka ga kusan 1.75 da 2.0 da 2.25. Ka nemi takardar taka ka tabbatar, domin ita ce hujja. Akwai wata lamba da ake rubutawa a jikin tayar kanta, wadda ke ruɗin mutane da yawa. Wannan iyakar da tayar za ta iya ɗauka ce, ba a ce da ita za ka riƙa yawo ba.

Ba na so ka ɗauki maganata a matsayin zagin masu faci. Mutane ne masu taimako, kuma babu mai babur da bai taɓa gode wa Allah ba da ya hango tsohuwar taya a jingine a bakin hanya. Amma dubi yadda aikin ke gudana. Wani da babban yatsa yake aunawa, wani ya ƙwanƙwasa da ƙarfe ya saurari amon. Wanda ke da geji, sau da yawa na manyan motoci ne, mai lambobi har sama da 100, inda tsakanin 28 da 33 ɗan siririn layi ne da ƙyar ake gani, ga shi ya sha faɗuwa ƙasa shekara da shekaru. Mu ma masu babur muna da namu laifin, mu ne ke tsaye a kansu muna cewa ƙara, ƙara, har geji ya nuna 45 ko 50, don mun yarda cewa tauri shi ne ƙarfi. Yatsa ba ya bambance 22 da 28. Taya tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ka danna ka ji ta da tauri. Shi ya sa nake matsa maka kan gejin hannu. Kuɗinsa bai kai na cika tankinka sau ɗaya ba, ba ya cin batir idan ka sayi mai allura ko mai sanda, kuma da shi za ka je wurin mai faci ka ce masa ga inda za a tsaya.

Yanzu ga abin da ya shafe ku mutanen Jos musamman. Garinku yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauko kusa da digiri 10, da rana kuma zafi ya haura 25. Iska tana tsukewa da sanyi tana buɗewa da zafi, kuma a cikin taya duk sauyin digiri 6 zuwa 7 yana motsa geji da kusan 1. Sannan tayar da aka yi tafiya a kanta tana ɗumama, gejinta ya hau da 2 zuwa 4. Haɗa lissafin. Ka dawo daga kasuwa da azahar, taya da zafi, rana na dukan kwalta, aka auna maka 28 a baya kana ganin komai daidai. Washegari da asuba wannan tayar, ba tare da ƙusa ta taɓa ta ba, tana iya nuna 23 ko 24. Ka ɗora mata buhunan kabeji da ke neman 32. Ga roba da ba ta ɗumama ba, wadda ba ta kama ƙasa sosai a kilomitocin farko, ga raɓa, ga tsakuwar da ke taruwa a bakin kwana. Haka mutum ke faɗuwa ba tare da ya yi gudu ba.

Don haka ƙa'idar ita ce a auna taya tana sanyi, da safe kafin a tashi, ko bayan babur ya huta awa biyu zuwa uku. Sau ɗaya a mako ya wadatar, domin ko taya lafiyayya tana rasa 1 zuwa 2 a wata ta jikin robar, mai tiyub kuma takan fi haka. Idan ka auna tana da zafi ka ga ta haura, kada ka sace, za ta sauko da kanta. Ka kuma tabbata akwai murfi a kan kowane bawul, domin ƙurar hunturu da laka suna shiga su hana shi rufewa da kyau, iska ta riƙa tsiyaya a hankali.

Sai batun lodi, wanda na san shi ne abincinka, kuma ba zan ce maka ka daina ba. Amma ka sani ƙara iska ba ya ƙara wa taya ƙarfin da ba a gina ta da shi ba. Dubi rubutun gefen tayar bayanka, za ka iya ganin wani abu kamar 3.00-17, sai lamba da harafi a gabansa, misali 50P. Lambar 50 ɗin nan tana nufin kilo 190 ne iyakar abin da tayar za ta ɗauka. Buhun masara biyu masu kilo 100 kowanne sun riga sun wuce wannan, tun ba a lissafa kai da rabon nauyin babur da ke kanta ba. Sahu biyu da kaya madaidaici ya fi sahu ɗaya da ke ƙarewa a asibiti. Kuma ka ɗaure kayan ƙasa-ƙasa, kusa da bayanka, domin idan suka yi baya da yawa tayar gaba tana yin sakayau, sitiyari ya riƙa rawa.

Tunda kana durƙushe a gaban tayar, nemi lambobi huɗu da ke cikin wani ɗan zagaye a gefenta. Biyun farko makon da aka yi ta ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana jan hankalin direbobi kan tsofaffin tayoyi, domin roba tana bushewa ko ba a hau ta ba. Idan za ka sayi taya a 'Yan Taya ko Dilimi, ka duba wannan lambar kafin ka yi ciniki, kuma duk wadda ka ga gefenta ya yi ƙananan tsage-tsage ka bar ta, ko da zanenta na nan.

Mu dawo kan na'urar. Asalinta daga motoci ne. A shekarar 2000 aka yi babban rikici a Amurka kan tayoyin Firestone da ke kan motocin Ford Explorer, waɗanda suka riƙa ɓarewa ana cikin gudu, aka danganta mutuwar sama da mutum 200 da lamarin, kuma ƙarancin iska da zafi na cikin abubuwan da aka tattauna a kai. A shekarar ta 2000 dai majalisar ƙasar ta yi doka, kuma daga Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a can sai tana da na'urar gargaɗin iskar taya. Tarayyar Turai ta bi sahu a Nuwamban 2014. Manyan babura masu tsada su ma sun fara zuwa da ita a cikin tayar, sannan kamfanoni, yawanci na ƙasar Sin, suka fito da mai araha da ake murɗawa a kan bawul a madadin murfi. Irin wannan ce ka gani. A cikinta akwai ɗan ma'auni da ƙaramin batir irin na agogo, tana aika lamba zuwa waya ko zuwa wani ɗan allo da ake ɗaurawa a kan sitiyari.

Amfaninta na gaske ɗaya ne, tana kama iskar da ke tsiyaya a hankali alhali kana cikin tafiya. Wannan yana da daraja ƙwarai ga mai taya tubles, wato marar tiyub, domin idan ƙusa ta shige ta, iska takan ɗauki mintuna ko awanni tana fita, na'urar ta yi ƙara, mutum ya samu wuri ya tsaya. Amma Boxer mai sifok tiyub gare shi, kuma tiyub idan ya huje sau da yawa cikin daƙiƙoƙi yake saki. Kafin waya ta yi kuka a aljihunka jikinka ya riga ya gaya maka. Ka ga a inda haɗarin ya fi tsanani a gare ka, a nan taimakonta ya fi ƙaranci.

Akwai kuma abubuwan da mai talla ba zai faɗa maka ba. Don ta iya aunawa, dole ta danne allurar bawul ta bar shi a buɗe kullum, sai ya zama wata 'yar roba da ke cikinta ce kaɗai ke tare iskar. Idan robar ta bushe ko ba a murɗa da kyau ba, na'urar da aka saya don gadin iska ita ce za ta zubar da ita. Da yawa daga cikinsu suna barci idan babur na tsaye, sai ka fara tafiya suke farkawa, don haka lambar da za ka gani da asuba tana iya zama ta jiya da yamma. Batir yana ƙarewa. Duk sanda za a ƙara iska sai an kwance ta da ɗan sifana na musamman, idan kuma ba ka kulle ta ba, a wurin ajiye babura na kasuwa ba za ta kwana biyu ba. Ga wani abu da ya shafi tudunku: wasu an saita su ne da nauyin iskar sarari na bakin teku, kuma na Jos ya gaza na Legas da kusan 2 a ma'aunin psi. Irin waɗannan za su riƙa nuna maka ƙasa da abin da gejin hannu ke nunawa, ka yi ta ƙara iskar da ba a buƙata. Ko ka saye ta, sai ka gwada ta da gejin hannu ka san bambancinsu. Idan wata rana Allah ya hore ka koma babur mai tubles, kana doguwar tafiya irin ta Mangu ko Pankshin ko gangaren Hawan Kibo, to ka saya, amma mai allo a sitiyari. Mai sa ka ciro waya kana tuƙi ba na ba ka shawararta ko kyauta ce.

Yanzu hular kwano. Ka ce kanka ya bugi ƙasa kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin ita ce ta sa na goyi bayan maiɗakinka ba tare da jinkiri ba. Gwiwa tana warkewa, ƙashi ana ɗora shi, ƙwaƙwalwa kuwa idan ta taɓu sau da yawa ba ta komawa yadda take. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna hula ta ƙwarai da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, tana rage raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100. Babu wata na'ura da za ka ɗaura wa babur da ke kusa da wannan. Kuma doka ce a Najeriya, ga direba da wanda ya goya. Da FRSC ta fara tilasta ta a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga masu babur sun kifa ƙwarya da robar fenti a ka don kauce wa kamu, labarin har ya zaga duniya. Abin da ya rage mana daga wancan lokaci shi ne ɗaukar hula a matsayin abin nuna wa jami'i, shi ya sa har yau za ka ga mutum da hular leburan gini, ko hula a rataye a sitiyari. Dokar hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, wadda ta samo asali tun zamanin gwamnatin Jonah Jang, ba ta raba mutane da babur ba. A hanyoyin lambu da na ƙauyuka har yau shi ne ƙafar talaka, kuma a can babu jami'in da zai tsayar da kai, babu kuma asibiti kusa. Daga wajen Barikin Ladi zuwa asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo tafiya ce mai nisa ga wanda jini ke taruwa a kansa.

Idan ka je saye, kada ƙyallin bayanta ya ɗauke maka hankali. Juya ta, ɗaga yadin ciki, ka danna da yatsa. Dole ka tarar da farin soso mai tauri, irin wanda ake ƙunshe sabuwar talabijin da shi, mai kauri kamar yatsu biyu. Shi ne ke murƙushewa ya shanye bugun a madadin kanka. Idan katifa mai laushi ce kawai a ciki, ajiye musu. Nemi tambarin gwaji a bayanta ko a jikin igiyar, irin su ECE ko DOT ko ISI na Indiya, duk da cewa ana buga na jabu, shi ya sa dubawa da hannu ta fi. Sa ta a ka, ɗaure igiyar yadda yatsa biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓarka, sannan ka kama ta daga baya ka yi ƙoƙarin turo ta gaba. Idan ta fita, ta yi maka girma. Mai rufe haɓa ta fi, domin fuska da muƙamuƙi suna yawan riga sauran kai isa ƙasa. Gilashinta ya zama fari garau tunda da duhu kake fita. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko ba ta fashe ba, don haka ta gwanjo da ba ka san tarihinta ba caca ce. Mutumin Sakkwato zai iya kukan zafi, kai kuwa a Jos dama da hular sanyi kake fita.

Ka kuma riƙe wannan, don kanka da abokan sana'arka. Wanda kansa ya bugu, ko ya tashi yana magana lafiya, idan daga baya ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko ciwon kai da ke ƙaruwa, a garzaya da shi asibiti nan take. Wanda ke kwance bai motsi kuma kada a fizge masa hula ko a lanƙwasa wuyansa wajen ɗauka. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Sauran kayan ba su da tsada. Safar hannu mai kauri, domin tafin hannu ne ke fara taɓa ƙasa kamar yadda ka gani, kuma yatsun da sanyi ya daskarar ba sa matsa birki da sauri. Takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu a madadin silifa, da jaket mai kauri, waɗannan kam na gwanjo a Katako sun wadatar. Riga mai ƙyalli a kan jaket ɗin, saboda hazo da duhun asuba, fitila kuma a kunne ko da rana. Indiya, inda aka ƙera babur ɗinka, ta wajabta wa sababbin babura fitilar da ke kunne kullum tun Afrilun 2017. Madubai biyu su zauna a wurinsu. Birkin gaba kuma a gyara shi a koyi aiki da shi, domin mafi yawan ƙarfin tsayawa a gaba yake, kuma tsoron da ake yi masa ya sa da yawa sun bar shi ya mutu. A matsa shi a hankali tare da na baya, babur na miƙe, ba a tsakiyar kwana ba.

Abu na ƙarshe na iyalinka ne. Hijabi da gyale da bakin zani suna shiga sifok ko sarƙa, su fizgo mace ƙasa ta baya, wani lokaci su shaƙe ta. A Indiya doka ta sa a rufe aƙalla rabin ƙafar baya da raga saboda tufafin mata. Idan an cire ta babur ɗinka, mai walda zai yi maka wata cikin yini ɗaya. Kafin ku tashi ta tattara tufafinta ta zauna a kansu. Kuma kuɗin da ka yi niyyar kai wa na'ura, idan sun taru, hula ta biyu za ka saya da su, tata.

Ina roƙonka ka kai wannan magana ga shugabannin 'yan kasuwarku a Farin Gada. A haɗa kuɗi a sayi geji mai kyau guda ɗaya, a ɗaure shi da igiya a inda kuke ajiye babura, a rubuta 25 da 28 da 32 a allo kusa da shi, duk wanda babur ɗinsa ya huce ya auna kafin ya ɗora kaya. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kasuwa.